Ku Cire Sunan Mutanen Maya Daga Gardamar Shimfiɗaɗɗiyar Duniya

Masu cewa duniya a shimfiɗe take sun samo sabon shaida, kuma sun je har Amurka ta Tsakiya suka ɗauko shi. A bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook, hujjar ita ce: mutanen Maya, tsohuwar al'ummar wancan yanki, sun yi hasashen husufi shekaru aru-aru kafin a ƙirƙiro na'urar hangen nesa, alhali sun yi imani ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ba a buƙatar duniya mulmulalliya don a fahimci sama. Wannan magana tana ba ni haushi ne domin rabinta gaskiya ce, kuma da rabin gaskiyar ake yaudarar mutane.

Gaskiya ne Maya sun ɗauki ƙasa a matsayin fili mai kusurwa huɗu, wani lokaci bayan kada ko kunkuru da ke yawo a kan ruwa, da sammai 13 a bisa. Masu cewa wai a ɓoye sun san duniya ƙwallo ce, ko wasu halittu daga sama ne suka koya musu, su ma ba su da hujja. Abin da ya kamata a duba shi ne irin aikin da lissafinsu ya yi, da inda ya tsaya.

A shekarar 1562 limamin Katolika Diego de Landa ya ƙona littattafansu a garin Mani da ke ƙasar Mexico ta yau, kuma huɗu kacal aka sani sun rage a yau. Mafi muhimmanci shi ne kundin da ke ajiye a birnin Dresden na Jamus, rubutacce a kan takardar ɓawon itace. A cikinsa akwai jadawalin tauraruwar Zara, wadda muke kira Gamzaki idan ta fito da asuba. Sun ba zagayenta kwana 584: kwana 236 tana fitowa da asuba, 90 ta ɓace, 250 tana fitowa da yamma, 8 ta sake ɓacewa. Ma'aunin zamani ya ba da 583.92. Sun lura zagaye biyar daidai yake da shekara takwas masu kwana 365, wato kwana 2,920. Sun kuma gane cewa ɗan bambancin nan yana taruwa har ya haura kwana biyar cikin shekara 104, sai suka riƙa rage kwanaki don lissafin ya koma kan hanya. Mutanen da ba su da gilashi ko agogo suka yi wannan, da ido da haƙuri da rubutu. Dole a jinjina musu.

Jadawalin husufin kuwa, wanda shi ne abin da ake ta kafa hujja da shi, ya ƙunshi wata 405, kimanin kwana 11,960, kusan shekara 33. An yanka shi gida 69. Yawancin gidajen kwana 177 ne, wato wata shida, jefi-jefi a saka na kwana 148, wato wata biyar. Dalilin saka gajeren shi ne lokacin yiwuwar husufi yana dawowa duk bayan kwana 173 da ɗoriya, wata shida kuma ya fi haka da kusan kwana huɗu, to idan ba a ja baya ba lissafin zai fice daga lokacin.

Yanzu ga abin da masu bidiyon ba sa faɗa. Jadawalin ranakun gargaɗi ne kawai. Yana cewa a wannan rana husufi na iya faruwa, amma bai iya faɗin inda za a gan shi. Yawancin husufin rana da suka auku a waɗannan ranaku ba a gan su a ƙasar Maya ba sam, sun auku ne a wasu sassan duniya da malaman ba su san da su ba. Kamar manomin da ya san watan da damina ke sauka ne, amma bai san gonar da hadarin yau zai zubar wa ba. Ƙirga kwanaki ba ya buƙatar sanin siffar ƙasa. Sanin inda inuwar wata za ta sauka yana buƙata.

Wannan mataki na biyu sai da aka haɗa girman duniya, da juyawarta, da nisan wata da rana. Da shi masanin taurari ɗan Ingila Edmond Halley ya zana taswirar hanyar da husufin 1715 zai bi ta kan Ingila tun kafin ya faru, kuskurensa bai wuce 'yan mintoci ba. Da shi kuma aka sanar tun da wuri cewa ranar 29 ga Maris, 2006, inuwar za ta taso daga Brazil, ta tsallaka teku, ta bi ta Accra da Gusau da Katsina da Damagaram, ta ratsa Libiya da Turkiyya, ta ƙare a Mongoliya. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Mutanen Katsina suka ga duhu da hantsi, na Maiduguri suka ga an gutsure rana kawai. Haka husufin zobe, wanda wata ke rufe tsakiyar rana ya bar gefenta kamar zobe, na 14 ga Oktoba, 2023 ya ratsa yankin Yukatan, ƙasar Maya kanta, a sa'ar da aka faɗa.

To ina taswirar masu shimfiɗaɗɗiyar duniya? Ba su taɓa fitar da ko ɗaya da ta faɗi gari da minti ba. Ba su da amsa kan dalilin da ya sa husufi iri ɗaya ke dawowa bayan kwana 6,585 da sulusi amma ya sauka sulusin duniya can yamma, alhali amsar a fili take: sulusin kwana awa takwas ne, kuma cikin awa takwas duniya ta juya sulusin zagayenta. Ba su da amsa kan inuwar ƙasa da kullum ke fitowa da lanƙwasa a fuskar wata yayin husufinsa. Sai zagin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kamar ita ta koya wa malamin Musulmi Al-Biruni auna girman duniya shekara dubu da suka wuce.

Abin takaici shi ne malamin Maya yana gyara jadawalinsa duk lokacin da sama ta saɓa masa, su kuwa masu raɓewa da sunansa idan sama ta saɓa musu sai su ce makirci ne. Ya kamata malaman makaranta da masu shirye-shiryen rediyo su daina kauce wa batun. A kawo jadawalin Dresden da taswirar 2006 a ajiye gefe da gefe, a nemi duk mai gardama ya faɗi garin da husufin 2 ga Agusta, 2027 zai rufe da duhu, da lissafinsa na kansa.