Kusurwar tayil da bango ba wurin farin siminti ba ne

Jama'a, mai tayil ya gama aiki, ya kwaɓa farin siminti ya cusa tsakanin ƙasa da sikatin (jerin tayil na gindin bango), mai gida ya biya yana murna. Kafin shekara ta zagayo layin ya tsage, kiyashi da kyankyaso sun samu hanya. Ba mugunta ba ce, siminti ne ba ya miƙewa. A Birnin Kebbi zafin Afrilu na wuce digiri 40, hunturu kuma ya zo da sanyin asuba. Tayil na buɗewa yana tsukewa, bango na tsaye. In ma an matse tayil da bango ba rata, wata rana tsakiyar falo zai kumbura ya ɓalle. A bar kamar milimita 5 zuwa 6 a gefe, a cike da abu mai laushi.

Wane abu? Nan ake asarar kuɗi. Silikon mai warin tsami, wanda ya fi arha a kasuwa, na gilashi ne. Ba ya kama siminti da kyau, yana ɓata mabul, yana sa ƙarfe tsatsa. Banɗaki da kicin, a nemi silikon marar wannan warin, mai maganin fumfuna. Amma fenti ba ya zama a kan silikon ko kaɗan. Saman sikatin, inda fenti zai bi, akirilik ake sawa, wato cikon da fenti ke kamawa. Shi kuma ba ya son ruwa, kada a kai shi inda ake wanka.

Kwalba ɗaya mai mililita 300 na cike kusan mita 12 in ratar milimita 5 ce faɗi da zurfi. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, kewayensa ya haura mita 14, ke nan biyu za a saya. Rata mai zurfi a fara tura siririn soso, kada a ɗura kwalba guda a rami.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. A kankare tsohon cikon, a share, a goge, a bari ya bushe sarai. A manna tef sama da ƙasa, a yanke bakin kwalbar a karkace, a ja bindigar matsa kwalbar ba tsayawa, a shafe da yatsa mai ruwan sabulu, a cire tef nan take tun cikon bai yi fata ba. Silikon da danshin iska yake bushewa, saboda haka a busasshen lokaci a ƙara masa kwana kafin a zuba ruwa.

Gidajen da ke kusa da fadama, irin na Argungu da Yawuri, in gindin bango na jiƙewa da damina, fenti na ɓarewa, wannan danshi daga ƙasa yake tasowa. Silikon zai rufe shi ne kawai, ya hau sama ya fito ta bayan sikatin. A fara gyara magudanar ruwan waje.