Kujerar Naƙi a Teburin Mai Shayi

TICA: Ku fa duba abin da ya faru a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nuwamban 2024. Ƙasashe 14 suka yarda a tsagaita wuta a Sudan, Rasha ita kaɗai ta ce a'a, shi ke nan magana ta mutu.

ƊAN ACABA: Sha huɗu da ɗaya, kuma ɗayan ya yi nasara? Kai, ko a zaɓen ƙaramar hukuma ai ana ɗan sakayawa.

TICA: Haka Amurka ta yi ta yi a kan Gaza. Su biyar ne da wannan iko tun 1945: ita, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa.

ALHAJI: Tsari mai kyau! Babba babba ne.

MAI SHAYI: Ranka ya daɗe, tunda an zo maganar babba, shafinka a littafin bashi ya cika, har na shiga na Tica.

ƊAN ACABA: A kaɗa ƙuri'a! Wa ya yarda Alhaji ya biya yau?

(Hannu takwas suka tashi, har da na almajirin da ke jiran ragowar burodi.)

ALHAJI: Na hau kujerar naƙi.

MAI SHAYI: Wace kujera? Bencina ne fa.

ALHAJI: Ranar da aka kafa bencin nan kana ina? Da ni aka buga ƙusar farko. Ni wakili ne na dindindin.

(Ƙusar dai kafinta ne ya buga. Alhaji na tsaye a inuwa yana cewa ta karkace.)

TICA: Ai ba a kanka aka fara ba, Alhaji. Kashi 22 cikin ɗari na kasafin Majalisar Ɗinkin Duniya a wuyan Amurka yake, kuma ita aka fi bi bashi.

ALHAJI: Ka ji ko? Bashi adon manya ne.

ƊAN ACABA: To ni da nake biya kullum a tsaye nake sha. A ba ni wuri.

TICA: Kukan Afirka ke nan. Ƙasashe 54, babu ko ɗaya mai kujerar dindindin. Tun 2005 a taron Ezulwini, a ƙasar Eswatini, muka nemi guda biyu. Sai 2024 Amurka ta ce ta yarda, amma ban da ikon naƙi.

ALHAJI: Ni ma na yarda. Zo ka ɗosana nan gefe, yaro. Sai dai in manya na magana, kofinka za ka riƙa kallo.

ƊAN ACABA: To a sake dokar mana!

TICA: Ba ta sakuwa sai su biyar ɗin duk sun sa hannu.

ALHAJI: Ban sa ba. Wanda ma za ku kawo gobe, na ƙi shi tun yau.

ƊAN ACABA: Mai shayi, kai ne Babban Sakatare a nan, ka ce wani abu!

MAI SHAYI: Ina nuna matuƙar damuwa, kuma ina kira ga dukkan ɓangarorin da su kai zuciya nesa.

ALHAJI: Madalla. Kauri, da madara, ƙwai uku.

MAI SHAYI: A rubuta?

ALHAJI: A shafin Tica.