Ranar da Aka Yi Tsani da Ni a Pune

Ina shekara ta biyu a karatuna a Pune, can Indiya, maƙwabcina ya ce in zo bikin unguwarsu, akwai abinci. Ni dai abincin kawai kunnena ya kama. Na zumbula farar shaddata ta Sallah, na karya hula, na fesa turare, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure.

Ashe Dahi Handi ne, washegarin murnar haihuwar Krishna, ɗaya daga cikin abin bautar mabiya addinin Hindu. A labarinsu, yana yaro ya addabi mata da satar man shanu da kindirmo, suka koma rataye tukwane a sama, shi kuwa ya riƙa taka kafaɗun abokansa yana kaiwa. Abin da samari ke maimaitawa ke nan duk shekara: a rataye tukunya tsakanin benaye, su hau kan juna har wani ya fasa ta. A Mumbai har hawa tara an yi. Samarin unguwarmu sun yi makonni suna atisaye kowane dare, wani dattijo yana koya musu juriya da haƙuri da juna.

Dattijon nan ne ya ƙare wa kafaɗuna kallo, kamar mai taya sa a kara. Ashe mutum ɗaya ne bai zo ba a layin ƙasa. Na ce ni Musulmi ne, kallo na zo. Ya ce ba komai, ba bauta zan yi ba, tsayawa kawai.

Tsayawa kawai! Ƙato na farko ya ɗora ƙafa a wuyana, na biyu ya bi ta kansa. Ana yayyafi, ga ganguna, ga mutanen bene suna sheƙo mana ruwa da bokiti. Hulata ta faɗi, ina ji ina gani aka tattake ta. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba, na kusa da ni ya zaci kirari nake yi, ya riƙa amsawa.

Can sai na ji fus! Kindirmo ya biyo ƙeyata har cikin riga. Tun ina yaro nake shan fura da nono, ban taɓa wanka da shi ba sai ranar.

Abincin kuwa ya zo, ko ƙashi babu. Shinkafa, wake, ganye.

Da dare yayata ta nuna wa Hajiya hoton. Ta kira ni, ko gaisuwa ba ta amsa ba: "Auta, karatun ke nan?"