Bagega, Twitter da idon gwamnati

A farkon shekarar 2010 yara suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro zai kama amai da ciwon ciki, sai jijjiga, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Ba wata hukumar kula da muhalli ce ta gano abin da ke faruwa ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ne, waɗanda suka shiga yankin kan cutar sanƙarau, suka lura da yawan sabbin kaburburan yara. Da aka auna jini aka auna ƙasa, sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar na sauka inda jarirai ke rarrafe. A wasu wuraren an tarar da dalma a ƙasa ta ninka abin da Amurka ta amince da shi a unguwannin zama fiye da sau 200. Yara aƙalla 400 ne suka rasu, dubbai suka kamu.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira. Likitoci ba su iya fara ba yaran garin maganin cire gubar ba, domin ba amfanin wanke jinin yaron da zai koma ya kwanta a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, amma wata ya bi wata kuɗin ba su fito ba, yara kimanin 1,500 suna zaune cikin guba. Abin da ya motsa Abuja shi ne surutu. Matasa irin su Hamzat Lawal da abokansa, tare da ƙungiyar Human Rights Watch, suka ɗauki maganar zuwa Twitter da Facebook, suka riƙa kiran sunan Shugaba Goodluck Jonathan dare da rana. A watan Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka fara aikin, likitoci suka shiga.

A cikin wannan shekarar ta 2013 ɗin dai jaridar Premium Times ta bankaɗo cewa gwamnatin ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 domin sa ido kan abin da 'yan Najeriya ke yi a intanet. Kuɗin Bagega a canjin lokacin sun ɗan haura dala miliyan 5. Wato abin da aka ware don karanta saƙonninmu ya ninka abin da aka yi wata takwas ana roƙo don ceton yara fiye da sau bakwai, kuma babu wanda ya yi zanga-zanga kafin a sa hannu a kansa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ƙasashe irin namu suna da kuɗi da na'urorin sa ido, amma sun juya su zuwa ga talakawa, sun bar masana'antu da ma'adinai da rijiyoyin mai ba mai duba su. Abin da ya fi wannan muni shi ne, sa idon da ake yi wa jama'a yana tsoratar da mutanen da su kaɗai suka rage suna faɗin inda guba take.

Duba lissafin. A 2010 an ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 470 da kamfanin ZTE na China don kafa kyamarorin tsaro a Abuja da Legas, yawancin kuɗin bashi ne, kuma Majalisar Wakilai ta sha binciken dalilin da ya sa akasarinsu ba sa aiki. A watan Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ke amfani da na'urorin kamfanin Circles, masu iya gano inda mutum yake da sauraren kiransa da lambar wayarsa kawai. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa naira biliyan 4.8 don tatsar saƙonnin WhatsApp da wayoyin Thuraya. Sai a ajiye wannan gefe guda a tambayi mutumin Kano: yau iskar da ka shaƙa a Sharaɗa, nawa ne ƙurar da hayaƙin da ke cikinta? Ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Challawa da Bompai, wanda ke gangarawa kogin Challawa da rafin Jakara, wanda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da shi, yaushe aka auna shi, kuma ina aka liƙa sakamakon? Masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna rubuta cewa akwai sinadarai masu nauyi a ruwan nan. Sakamakon na kwance a ɗakunan karatu, mai sayen kayan miya a kasuwa bai taɓa jin sa ba.

Legas ma da ta fi kowa ƙarfi, sai da Bankin Duniya ya zo ya yi mata lissafi. Rahotonsa na 2020 ya ce gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin 11,200 a birnin a shekarar 2018 kaɗai, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da 'yan bindiga ne suka kashe adadin nan a birni guda, da an kafa dokar ta-ɓaci. A Fatakwal tun 2016 mutane ke tashi su tarar da kunkunniya ta rufe motoci da shanya da hancin yara, kuma a can ma mazauna garin ne suka fara ɗaukar hoton tafin hannunsu baƙi ƙirin suna sawa a intanet kafin hukuma ta ce uffan.

Na san abin da za a ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Mutumin da aka sace masa ɗa a hanyar Birnin Gwari ba ya son jin wa'azin 'yancin sirri. Yana son a bi layin da aka kira shi da shi ana neman kuɗin fansa, a kamo mai layin. Ni ma haka nake so. Ƙasar da ke fama da Boko Haram da masu garkuwa da mutane dole ta iya sauraren wayar mai laifi. Sai dai an riga an ba gwamnati wannan damar. Tun Disambar 2020 aka tilasta wa kowa haɗa layinsa da lambar NIN, tsofaffi suka yi ta kwana a layi, aka rufe layukan miliyoyin mutane, da alƙawarin cewa daga nan mai laifi ba shi da wurin ɓuya. Har yau ana kiran iyaye a waya ana ciniki da su kan 'ya'yansu, wasu 'yan bindigar ma bidiyo suke sawa a TikTok. A gefe guda kuma, kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya nuna a 2020 yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen yaudaro 'yan jarida su kama su. Na'urar tana aiki ke nan. Tambayar ita ce a kan wa ake kunna ta, kuma wa ke da ikon tambayar wanda ya kunna.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tsare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ce sai da izinin alƙali za a saurari wayar mutum, amma sun bar ƙofar a fara saurare a nemi izinin daga baya idan an ce lamarin na gaggawa ne ko na tsaron ƙasa. Kalmar tsaron ƙasa kuwa a wajenmu tana da faɗi. A ƙarƙashinta aka gurfanar da Ken Saro-Wiwa, marubucin da ke fafutuka kan yadda haƙar mai ke gurɓata ƙasarsu ta Ogoni, gaban kotun musamman ta soja, aka rataye shi da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamban 1995. Shekara goma sha shida bayan haka Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna ƙasar Ogoni, ta tarar a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ta ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. Abin da mutumin yake faɗa gaskiya ne, kuma shekarun da aka yi ana toshe bakin masu faɗa, shekaru ne da jama'a suka yi suna shan ruwan.

Shi ya sa rufe Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya dame ni fiye da yadda ya dami masu kallon abin a matsayin rigimar shugaba da kamfani. Dandalin da ya sa aka saki kuɗin Bagega shi aka kulle wata bakwai, har Ministan Shari'a na lokacin ya yi barazanar gurfanar da masu shiga ta bayan fage, kafin kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Satumbar 2021 kuma aka katse sabis ɗin waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa kwaskwarima a 2024, har yanzu da shi ake kama masu rubutu. Matashin da ya ga yara na jijjiga a wani ƙauyen haƙar zinare yau, kuma ya san wurin haƙar na wani babba ne, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki hoto, domin ya san layinsa na ɗauke da sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa. Haƙar ba ta tsaya ba. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Akwai masu nuna China su ce ga ƙasar da ta fi kowa sa ido kan jama'arta, kuma ta rage gurɓatar iska da kusan kashi 40 cikin ɗari a ƙasa da shekara goma. Gaskiya ne ta rage. Amma a duba yadda aka fara. A 2008 ofishin jakadancin Amurka a Beijing ya ɗora na'urar auna iska a kan rufinsa, yana wallafa sakamakon kowace sa'a a Twitter. Hukumomin China sun yi ta ƙorafi, amma alƙaluman sun riga sun shiga hannun mutanen gari, suna kwatanta su da abin da gwamnati ke faɗa. Daga Janairun 2013 gwamnati da kanta ta fara wallafa alƙaluman birane 74, a 2014 Firaminista Li Keqiang ya shelanta yaƙi da gurɓatar muhalli, aka tilasta wa manyan masana'antu su riƙa bayyana hayaƙin da suke fitarwa. Abin da ya yi aiki shi ne sa ido kan bututun hayaƙi da barin jama'a su ga sakamakon. Inda China ta koma ga halinta, kamar lokacin da ta goge shirin binciken da 'yar jarida Chai Jing ta yi kan hayaƙi a 2015 bayan miliyoyin mutane sun kalla, babu wata iska da ta gyaru saboda gogewar.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da irin wannan damuwar. Da kamfanin Cominak, wanda Faransawa ke da mafi yawan hannun jari a cikinsa, ya rufe ma'adanarsa ta yuraniyom kusa da Arlit a 2021, ya bar tarin dusar ma'adinai mai tururin guba da ta kai tan miliyan 20. Mutanen garin irin su Almoustapha Alhacen na ƙungiyar Aghirin'man ne suka shafe shekaru suna yawo da ƙaramar na'urar awo suna nuna wa duniya. A 2020 majalisar ƙasar ta amince da dokar sauraren wayoyi, a 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan wasu rubuce-rubucen intanet. Ko kamfanin Faransa ne ke haƙa ko na gwamnati, garin na bukatar mutumin da zai iya cewa ruwan nan ba shi da kyau ba tare da an bi sawunsa ba.

Abin da nake nema ba ya bukatar sabuwar fasaha. Hukumar NOSDRA, mai kula da malalar mai, tana da shafin da ke bibiyar ƙona iskar gas ta tauraron ɗan Adam, wanda ya nuna za a iya idan an so, ko da yake ƙonawar da doka ta haramta tun 1984 tana nan tana ci. A kafa na'urorin auna iska a Kano da Kaduna da Onitsha da Fatakwal, gidajen rediyo su riƙa faɗin sakamakon da harshen da mutane ke ji, yadda suke faɗin hasashen yanayi. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa tun 2007, ta riƙa wallafa sakamakon ruwan kowace masana'anta da sunanta. Asibitocin yankunan haƙar zinare su samu abin gwada dalma a jinin yara. Ta ɓangaren saurare kuma, kada a taɓa wayar kowa sai alƙali ya sa hannu, kuma a kowace shekara a gaya wa Majalisar Tarayya a bainar jama'a layuka nawa aka saurara, nawa daga ciki suka kai ga gurfanar da mai garkuwa da mutane. Mai fallasa gurɓata muhalli ya samu kariyar doka, wadda har yanzu majalisa ba ta kammala yi masa ba.

Sashe na 20 na tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babin da kotu ba ta tilasta aiki da shi, don haka talaka ba zai iya dogara da shi kaɗai ya kai ƙara ba. Inda ya rage masa shi ne kasafin kuɗi da bakinsa. Idan kasafin baɗi ya iso majalisa, 'yan majalisar Zamfara da Neja da Kano da Ribas su nemi a karanta musu layi biyu a jere, abin da aka ware wa na'urorin tatsar waya da abin da aka ware wa na'urorin auna iska da ruwa, sannan su koma mazaɓunsu su faɗi yadda suka jefa ƙuri'a.