Bakano, Bazazzagi da Bafillace a Tsaunukan Andes

(Kusko, ƙasar Peru. Jirgi ya ɗauko su daga Lima da ke bakin teku, ya dire su a garin da ke tsayin mita 3,400. Ga su a matattakalar otal, kowa riƙe da jakarsa.)

Bakano: Malam, dakata. Wallahi an yi wa iskar garin nan algus.

Bazazzagi: Ba algus ba ne, Alhaji, ilimi ne ba ka da shi. Duk numfashin da ka ja a nan, kusan kashi biyu cikin uku na abin da ka saba samu a Lima kake samu. Ciwon da yake jawowa su suna ce masa soroche: ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Ni dai ba zai taɓa ni ba, a Jos na yi bautar ƙasa.

Bakano: Ita Jos ɗin nawa ce?

Bazazzagi: Mita 1,200 da 'yan kai.

Bakano: Ashe kafin alƙalami ka biya. Ciko na nan yana jiranka.

Bafillace: Ni lafiyata ƙalau.

Bakano: Jauro, leɓenka fa ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata.

Bafillace: Ado ne.

(Mai otal ta kawo musu ruwan zafi da ganye a ciki, ta nuna wata tukunyar iska da ke jingine a kusurwa.)

Bazazzagi: Ta ce wanda numfashi ya yi wa wuya ya zo ya shaƙa. Kyauta.

Bakano: Kyauta? A garin da babu iska? Kai, mutanen nan ba su san kasuwa ba. Wannan shayin fa? Na ji kaina ya ɗan sake.

Bazazzagi: Ganyen koka ne. Tun kafin daular Inka, tsohuwar masarautar yankin nan, suke tauna shi saboda gajiya da yunwa.

Bakano: Tambaye ta buhu nawa. Ko biyar na kai Kasuwar Kurmi na mai da kuɗin jirgi.

Bazazzagi: Alhaji, daga ganyen nan ake sarrafa hodar iblis. A nan doka ta yarda a sha shi a shayi. A filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa, 'yan NDLEA ne za su yi maka sannu da zuwa.

Bakano: Sai in ce musu ganyen shayi ne.

Bazazzagi: Su ma shayin za su riƙa ba ka a Kurmawa, safe da yamma.

(Washegari, kasuwar San Pedro. An ajiye musu faranti. Abin da ke ciki yana da kai, da ƙafafu huɗu, da haƙora a waje.)

Bakano: Innalillahi. Malam, abincin nan kallona yake.

Bazazzagi: Sunansa kui. Ɓeran Masar ne. A ɗakin girki suke kiwonsa, kuma sai ranar biki ko babban baƙo ake gasa shi. Karrama mu aka yi.

Bakano: To ka ba mu fatawa. Ya halatta?

Bazazzagi: Malamai sun yi saɓani.

Bakano: Waɗanne malamai? A wane littafi aka kawo babin ɓeran Masar?

Bazazzagi: Ba na ba da fatawa kaina yana sarawa. A tambaya dai wa ya yanka.

Bafillace: Ni na ƙoshi.

Bakano: Rabonka da abinci tun Lima, Jauro.

Bafillace: Ƙoshin Lima ne bai sake ni ba.

(Aka ɗauke faranti, aka kawo miya da wasu baƙaƙen dunƙule a ciki.)

Bakano: Yawwa, wannan ba ya da haƙora. Mene ne?

Bazazzagi: Chunyo. Dankali ne. Suna shanya shi a fili sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, sannan su bi shi da ƙafa suna tattakawa har ruwan ya fita. In ya bushe sai ya yi shekaru bai lalace ba.

Bakano: (ya tsaya da cokali a baki) Da ƙafa ka ce?

Bazazzagi: Da ƙafa.

Bakano: Amma shekaru bai lalace ba? To a ƙara mini. Kayan da ba ya kwantai ai ba a tambayar asalinsa. Miƙo mini zoɓon nan.

Bazazzagi: Wannan chicha morada ce, da jar masara mai duhu ake dafa ta, sha abinka. Amma in ka ga gida an kafa sanda da jan ƙyalle a ƙofa, kada ka shiga. Tasu chichar burkutun masara ce.

Bakano: Jiya da yamma gidan da na shiga neman kunu...

Bazazzagi: Akwai jan ƙyalle?

Bakano: Mu bar maganar. Allah Gafurun Rahimu ne.

(Kwana uku bayan nan, motar zuwa Puno, bakin tafkin Titikaka, ta tsaya a mashigar La Raya, sama da mita 4,300. Ga garken alfaka a gefen hanya.)

Bafillace: Wuyan raƙumi, gashin tunkiya, ba tozo, ba ƙaho. Malam, tambayi mai ita ƙwarya nawa take bayarwa.

Bazazzagi: (yana haki) Ba a... tatsar ta. Gashi... da nama.

Bafillace: Ba nono? To kiwon me ake yi?

(Ya matsa zai duba haƙoranta. Ta tofa masa yawu a fuska.)

Bafillace: Kuma ba tarbiyya.

Bakano: Malam, lafiya ka zauna a ƙasa? Ina Jos ɗin?

Bazazzagi: Alhaji... iska... direba...

Bakano: Direba yana can yana fama da wata Baturiya. Amma Allah ya taimake ka. (ya buɗe jaka cike da gwangwanayen iska) Duk na kantin maganin da ke kusa da otal na kwashe. Ninki uku, saboda zumunci.

Bazazzagi: Ra... ra...

Bakano: Ragi? Yi tayi, ina jin ka.

Bazazzagi: ...

Bakano: Ya yi shiru. Jauro, kai ne shaida. Shi da bakinsa ya karantar da mu cewa shirun budurwa yarda ce. Na sallama, Allah ya sa albarka.

(Bafillace ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ja Bakano gefe yana dafe da mota.)

Bafillace: Alhaji, ba ni guda biyu. Ba ni zan shaƙa ba, aike ne.

Bakano: Aike? Wa ka sani a Peru da zai aike ka?

Bafillace: Ba na faɗin sunansa. Ɗan fari ne.