Yafe ɗaukaka ƙara ba rufe ƙofar kotu ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a Amurka, wanda ya amsa laifi ya kuma sa hannu cewa ya yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara, to shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne kotuna kan mutunta irin wannan yarjejeniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a kotunan tarayya amsawa suka yi, ba a kai ga shari'a ba. Amma dole alƙali ya tabbatar, a bainar kotu, cewa mutum ya fahimci abin da ya yafe. In tilasta masa aka yi, ko mai gabatar da ƙara ya saɓa alkawari, ko hukuncin ya zarce iyakar da doka ta gindaya, yana da hurumin ƙalubalanta.

Har ma a 2019, a shari'ar Garza da jihar Idaho, Kotun Ƙoli ta ce lauyan da aka umarta ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara ya ƙi, ya gaza a aikinsa, ko da kuwa akwai wannan sa hannun.