Korona ta tafi, ta bar mana ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani

Jama'a, an daina zancen korona, takunkumin fuska ma sai a tsofaffin hotuna, amma ta bar wa asibitoci bashin da har yau ba a gama biya ba.

Korona bairos ce. Magungunan antibayotik irin su azithromycin da ceftriaxone kuwa bakteriya suke kashewa, ko gezau bairos ba ya yi idan an sha su. Duk da haka, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba bayanan majinyata kusan 450,000 a ƙasashe 65, abin da ta fitar a Afrilun 2024 ya ba ni tsoro. Cikin waɗanda korona ta kwantar, kashi 8 cikin ɗari ne kawai bakteriya ta haɗu musu da ita, amma kashi 75 aka ɗura wa antibayotik. A yankin Afirka har kashi 83. Hujjar ɗaya ce: a ba shi dai, ko da akwai wani abu.

To, duk sanda aka ba da maganin nan, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa. Masu taurin kai su tsira, su samu fili, su hayayyafa, har su koya wa 'yan'uwansu dabarar. Ina ga ɗakin da mutum zai yi makonni da injin numfashi a maƙogwaro, robar fitsari a jiki, nas ɗaya tana zagaya gadaje da yawa, rigar kariya ta yi ƙaranci? A wani asibiti a jihar New Jersey ta Amurka, tsakanin Fabrairu da Yulin 2020, mutum 34 suka kamu da wata bakteriya da ake kira Acinetobacter, mai bijire wa manyan magunguna, a daidai lokacin da cunkoso ya sa aka sassauta dokokin tsafta. Rahoton 2022 na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya nuna irin wannan ƙwayar ta ƙaru da kashi 78 a asibitocin Amurka daga 2019 zuwa 2020. Amurka fa, mai kuɗi da kayan aiki.

Ni gaskiya ban cika ganin laifin likita ba. Tsakar dare, majinyaci yana haki, gwajin jinin da zai nuna ko akwai bakteriya sai ya kwana biyu ko uku kafin ya fito, dangi kuma sun tsaya a kansa, "Likita, don Allah a yi wani abu." Kai ne a wurin, me za ka yi? Wanda nake tuhuma shi ne wanda zai gina katafaren asibiti ya yanka kirtani, ɗakin gwaji kuwa ko wutar kirki babu. Sai likita ya koma harbi a duhu.

Sai kuma mu. A Maris 2020 wani likita, Didier Raoult na birnin Marseille a Faransa, ya tallata haɗin hydroxychloroquine da azithromycin a matsayin maganin korona, labari ya cika WhatsApp kamar wutar daji. A Disambar shekarar babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna azithromycin ba ya amfanar waɗanda korona ta kwantar. Wa ya turo maka wannan na biyun?

Ga shi dama ƙasa a jiƙe take. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 kaɗai, tun korona ba ta bazu ba, mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Yammacin Afirka ne kan gaba, kimanin 27 cikin kowane mutum 100,000.

Shekaranjiya ina kemis na unguwarmu, wani yaro ya shigo da kuɗi a dunƙule a hannu, wai babarsa ta ce a ba shi kafso na mura guda huɗu. Mai shagon bai ko ɗago kai ba, ya yanko masa amoxicillin, wanda shi ma antibayotik ne, da almakashi, ya ce, "Ka gaida Umma."